Zagin da Na Kai wa Jikana Landan

Tun da na dawo, tabarmar tsakar gidana ba ta huta ba. Kowa ya shigo, bayan an gaisa sai ya gyara zama ya ce, "To Malama, yaya Landan?" Na ba da labarin har ya fara yin ƙafa yana yawo shi kaɗai, domin shekaranjiya na ji wai Hajiya Talatu tana gaya wa mutane a gidan suna cewa na sha shayi da Sarkin Ingila. Ban ga ko mai gadinsa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya faru, tunda dai na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, alƙalami bai fi ƙarfina ba.

Ɗana na fari likita ne a can, kuma kun san ba na kama sunansa, Likita nake ce masa. Shi ya kira ni ya ce in zo in huta, a duba mini gwiwa. Da na ji ya tambayi gwiwar nan ya sake tambaya, na san akwai wata magana a ƙasa. Can sai ya ce, "Hajiya, Khalifa ne." Khalifa babban ɗansa ne, mai sunan marigayi maigidana, a can aka haife shi, kuma rabona da shi tun bai fara famfara ba. Ashe yaron ya shiga karatun likita, ya yi nisa kaɗan, sai ya ajiye ya koma karanta tsohon Turanci. "Turancin da Turawan ma sun daina yi, Hajiya," in ji Likita. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni sakat: "Ki zo ki yi masa magana. In bai dawo hanya ba, wallahi sallama shi zan yi." Na yi shekaru ina ganin yaran da iyayensu suka sallama wa duniya, na san yadda suke ƙarewa. Da wannan kalma a raina na haɗa kaya.

Kayan kuwa ba na wasa ba ne. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, da kilishin da na sa aka yi mini musamman. Daga Funtuwa muka kama hanyar Kano da sassafe, direban yana gudu kamar shi ne jirgin zai bari. A jirgi na zauna kusa da wata 'yar kasuwa daga kasuwar Kwari ta Kano, wadda ta yi barci tun kafin mu tashi, ta bar ni da ƙaramin tire na abinci da ban gane gabansa da bayansa ba. Mun sauka a Alƙahira don canjin jirgi. Nan wani ma'aikaci ya zo da keken guragu yana kiran sunana, wai Likita ne ya sa a tanadar mini. Na dube shi sama da ƙasa na ce masa da ƙafata na zo. Ban yi rabin doguwar barandar nan ba na fara waige ko zan hango shi. Girman kai ya sa gwiwata ta kumbura har Landan.

A bakin shiga ƙasar, na zaci zan tarar da wani jan Bature mai gashin baki. Sai ga wata yarinya da ɗan hijabinta a bayan gilashi. Ta tambaye ni wajen wa na zo, yaushe zan koma. Na zuba mata Turancinmu na kwalejin horon malamai, wanda ake gogewa kamar kakin makaranta, ta yi murmushi ta buga hatimi. Matsalar a gaba take. Ina tura kayana sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gindin jakata, ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishi ya tafi, man shanu ya bi shi, domin dokarsu ba ta yarda a shigo da nama ko abin da aka yi da madara ba. Jami'in ya ba ni haƙuri sosai, shi ma abin ya ba ni mamaki, a ƙwace maka abu ana ba ka haƙuri. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai ya ja da baya, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce 'ya'yan itace ne. Ya ce in ɗaure in tafi.

Da na fito, sai ga surukata Bilkisu tana ɗaga hannu, kusa da ita wani dogon saurayi da uban gashi a kai. Goshin maigidana ne sak, har da yadda yake tsayuwa da hannu a baya. Zuciyata ta cika. Kun san mu, idan zuciya ta cika da jika, ba kuka muke yi ba. Na tsaya a tsakiyar mutane na tafa hannu na ce:

"Wannan ne angon nawa? Kai jama'a! Ɗan banza, rago, asararre! Na taso tun daga Funtuwa in ga miji, ashe asara na zo gani. To na fasa."

Na jira. Da a gida ne, da tuni jika ya ce, "Ke tsohuwa, wa zai kwashe ki?" a yi dariya a wuce. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya," ya karɓi keken kayan ya yi gaba. Bilkisu ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Na ɗauka kunya ce irin ta samari, har a mota na ƙara masa guda biyu.

Gidansu a Dagenham yake, unguwar da 'yan Najeriya suka yi yawa har kana jin Yarbanci a tashar bas. Gidajen a manne suke da juna kamar buhunan da aka jera, in maƙwabci ya yi tari kana ji, amma ba ka san sunansa ba. Akwai wata tsohuwar Baturiya a gefenmu da ke fita da karenta kowace safiya. Na gaishe ta, na tambayi lafiyarta da ta iyali, sai ta ce mini yau za a yi ruwa. Daga baya na gane gaisuwarsu ke nan, har ni ma na iya, kullum sai mu tsaya mu yi gulmar sararin sama. Ba a sallama a shigo gida haka kawai. Ko ɗan'uwanka ne sai ya yi waya, in ji Bilkisu, "sai an yi booking, Hajiya." An kawo mini kifi da dankalinsu da ake ta kurantawa, na ci, ba laifi, amma abinci ne na mai jinya. Sai da na barbaɗa yajina ya farfaɗo. Bilkisu kuwa, Allah ya yi mata albarka, da garin shinkafa take tuƙa tuwo, ta kaɗa kukata, gidan ya ɗauki ƙamshin daddawa har aka buɗe tagogi.

Khalifa dai tun ranar da ya sauke mini kaya ya ce yana da aji, ya koma ɗakinsa na kusa da jami'a. Asabar ta zo bai zo ba, wata ta zo shiru. Likita ya ce, "Kin gani ko, Hajiya? Ko ke bai ɗauka a bakin komai ba." Na ga fuskarsa tana ƙara ɗaurewa, na san kalmar nan ta sallamawa tana matsowa.

Wata rana da hantsi, Bilkisu tana shafa mini magani a gwiwa, sai na ji ɗigon ruwa a ƙafata, ashe hawayenta ne. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta daɗe tana kame-kame kafin ta ce, "Hajiya, ki yafe mini, nauyinki nake ji. Ranar da Khalifa suka yi faɗan ƙarshe da babansa, abin da uban ya ce masa ke nan. Ɗan banza, asararre. Ya faɗa ya maimaita. Khalifa yana jin Hausa sarai, amma bai taɓa zama da kaka ba, bai san ana wasan nan ba. Ya kira ni ya ce, wai ashe Baba ya ɗauko ki ne tun daga Najeriya don ki tabbatar da hukuncin a gaban mutane."

Na ji kunya, na ji tausayin yaron, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushin iyayensa da suka koya masa kalmomin suka bar shi bai san inda ake ajiye su ba. Na zo ɗinke ɓaraka, da bakina na ƙara yage ta tun ban cire takalmi ba.

Na ce a kai ni inda yake. Bilkisu tana da aiki, sai ta haɗa ni da ƙawarta Hajiya Adiza, mutuniyar zangon Kumasi, wadda ke bi ta Marylebone, inda Khalifa ke taya aiki a wani kantin tsofaffin littattafai. Hausar Adiza ba ta san mace ba. "Hajiya, ka kama ƙarfe, jirgi zai tashi," haka ta yi ta ce mini, har na saba da zama namiji. Jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa cike yake da mutane, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma shiru kamar ana zaman makoki, mu biyu kaɗai ake ji. A wajen fita ƙofar ƙarfen ta rufe da bakin mayafina, na wuce shi bai wuce ba, sai da wani Ba'indiye ya zo ya sake mu.

Adiza ta nuna mini kantin ta wuce. Na same shi a kan tsani yana jera littattafai. Da ya gan ni ya sauko a hankali, fuskarsa irin ta ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta. Ya nemi izinin mai kantin, ya kai ni wani ɗan lambu a bayan wata tsohuwar majami'a, muka zauna a benci. Ban fara da ban-haƙuri ba, na san in na fara zai ce ba komai ya rufe ƙofa. Na ce, "Ni malama ce. Koya mini abin da kake karantawa."

Ya dube ni yana neman tarko. Sannan ya fara, rabi Hausa rabi Turanci, ni zan mayar muku da shi Hausa. Ya ce aikin da yake rubutawa a kan kalmomin da Turawan da suke kiran mugu da su, da marar amfani, da wanda ya tozarta. Na ce, "Zagi kake karantawa a jami'a?" Ya ce e, kusan haka. Ya ce akwai villain, wadda yanzu take nufin mugu, amma asalinta manomin ƙauye ne da ke noma gonar mai gida. Akwai caitiff, asalinta wanda aka kamo a yaƙi. Akwai wretch, wanda aka kora daga garinsu yake yawo a ƙasar wasu. Akwai knave, da can yaron gida kawai ake nufi. Akwai losel, wanda ya ɓace, wanda aka yi asararsa. Yana magana hannunsa na tafiya, idonsa ya buɗe, sai na ga ba yaron filin jirgi ba ne. Ya ce abin da ya kama shi shi ne, in ka bi kalmomin nan zuwa tushe, sau da yawa ba za ka tarar da mai laifi ba. Talaka za ka tarar, ko baƙo, ko wanda aka fi ƙarfi.

Na juya abin a raina. Mu ma ai haka muke. Muna cewa matsiyaci, mun manta tsiya rashi ce kafin ta zama hali. Muna cewa baƙauye, alhali daga ƙauyen hatsinmu ke zuwa. Na tuna yara nawa na kira sakarai a aji, wataƙila yunwa ce kawai ke damunsu. Na gaya masa namu, ya ciro waya yana tambayata yadda ake rubuta shashasha da tambaɗaɗɗe, yana dariya a karon farko.

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce akwai wata kalma da ta fi duka nauyi, nithing. Ita ba a faɗinta cikin fushi a wuce. Jama'a ake tarawa, babba ya miƙe ya furta ta a kan mutum. Daga ranar ya fita daga mutane, ba mai ba shi masauki, ba mai tsaya masa, danginsa ma su juya baya. Ya ce, yana kallon takalminsa, "Hajiya, ranar a airport, na yi zaton shi kika zo yi. Ke ce babba. Mutane suna kallo."

Na daɗe ban ji abin da ya soke ni kamar wannan ba. Na kama hannunsa, abin da ba al'adata ba ce. Na ce, "Khalifa, saurara. A wurinmu jika mijin kakarsa ne na wasa. Ina zaginka, kana ramawa. Ba na yi wa ubanka, domin shi ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, ko ido ba ma haɗawa sosai. Duk son da na danne a kansa, a kanka yake fitowa, kuma ta wannan hanyar yake fitowa. Ranar da ka ga na gaishe ka da ladabi na yi shiru, ranar za ka ji tsoro."

Ya dafe kai ya ce da Turanci, "Oh my God." Ya ce su ma Turawan da suna da irinsa, flyting suke ce masa, mutum biyu su yi ta jifan juna da baƙar magana a gaban jama'a, ba faɗa ba ne, gwaninta ce. Ya ce har ya yi rubutu a kansa malaminsa ya yaba. Na ce, "Ka karanta a littafi, da ya zo maka da zani da mayafi ba ka gane shi ba. To rama." Ya ce, "I can't, Hajiya, ke kakata ce." Na ce ai dalilin ke nan. Na ce ya je ya yi bita, ranar Lahadi ina jiransa a gida, kuma in ya zo hannu rabbana ba zan buɗe masa ƙofa ba.

Ranar Lahadi da azahar muna zaune a tebur, Likita a kujerarsa ta maigida, aka buɗe ƙofa. Khalifa ya yi sallama ya tsaya. Ubansa bai ɗago ba. Na gyara murya na ce, "Ga asararren nan ya ji ƙamshin tuwo."

Ya ja numfashi kamar mai shirin nutso. Sannan da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Ke kuma tsohuwa mai fasa-ƙwauri, wa zai aure ki? Kare ma ya kama ki a boda."

Bilkisu ta toshe baki da mayafi. Likita ya yar da cokali ya miƙe. "Khalifa! Uwata kake gaya wa haka?" Abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi, mutumin da ya girma yana tsokanar kakarsa har tana bin sa da muciya, Ingila ta mantar da shi.

Na ce, "Zauna, Likita, tsakanin miji da mata ne." Ya zauna. Ban kalle shi ba, kwanon miya na kalla, domin ban saba yi masa doguwar magana ba. Na ce, "Kalmar nan tawa ce. Ni in na ce masa ɗan banza, a bakin ƙofa take faɗuwa. Kai uba ne, bakinka kamawa yake yi. Ka kira ni in yi masa magana, na yi, na kuma saurare shi. Yaron nan bai ɓace ba, na ga inda yake. Kada in ƙara jin kalmar nan a bakinka, ita da waccan da ka faɗa mini a waya, ko ina raye ko ba na raye."

Likita ya jawo kujerar da ke kusa da shi baya kaɗan, ya tura kwanon nama gaban kujerar, ya ce wa Khalifa, "Wanke hannu."

Ba zan ce muku ya yarda da karatun ba. Har na taho yana cewa wa zai ɗauki mai digirin zagi aiki. Amma Khalifa ya koma zuwa gida kowace Asabar, kuma maganar sallamawa ba ta sake tashi ba. Gwiwar ma an duba, an ce in rage nauyi, na ce na ji.

Ranar komowa ban yi gardama da keken guragu ba. Khalifa ne ya tura ni har inda ba a barin 'yan rakiya su wuce. Wata ma'aikaciya ta zo karɓata. Ya sunkuyo ya ce, "To je ki, losel, na sake ki. Saki uku." Amma hannuwansa suna kan keken, ya ƙi saki, matar tana tsaye tana jira.

Ni da ba a taɓa kayar da ni a wasan nan ba, na nemi abin da zan mayar masa na rasa. Na ɗora hannu a kan gashin nan nasa na ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya goge ido da bayan hannu ya ce, "Hajiya, wannan maguɗi ne. Ba ya cikin wasan."